Takarda, manhajar kwaikwayo ko kebul na gaske: da me za ka koya wa 'yan sakandare sadarwar kwamfuta?

Duk malamin da aka taɓa miƙa wa darasin sadarwar kwamfuta a sakandare ya san yadda akan yi. Ka zana siffofin jona kwamfutoci, tauraro da zobe, a allo, ka jera matakan OSI guda 7, wato tsarin da ya raba aikin sadarwa mataki-mataki, yara su haddace tsaf, su ci jarrabawa. Sai wata rana firinta ta ƙi amsawa a ɗakin kwamfuta, ka juya ka tambayi wanda ya zo na ɗaya a ajin me yake ganin ya faru, ya yi zuru yana kallonka. Hadda ta zauna, abin kuwa bai shiga ba. Kuma laifin ba na yaron ba ne, tunda an yi ta ba shi labarin abin da bai taɓa gani ba, balle ya ga yadda yake lalacewa.

Hanyoyin fita daga wannan guda huɗu ne: wasan takarda da ba ya buƙatar kwamfuta, manhajar kwaikwayo, kayan aiki na gaske, sai kuma leƙen abin da ke gudana a cikin kwamfutocin da makaranta take da su tun can. Na gwada kowacce da yara, kuma ba zan ɓoye wadda hankalina ya fi kwanciya da ita ba.

Abin da za mu auna su da shi

Ma'auni na farko, wanda na fifita a kan sauran, shi ne ko ɗalibi zai iya ɓata abin da hannunsa sannan ya gano inda ya ɓata. Sadarwa idan tana aiki ba ta koyar da komai, shafi ne kawai ya buɗe. Sai ta tsaya ake tambayar adireshi, ake tambayar ƙofar fita, wato inda saƙo yake bi ya bar sadarwar gida zuwa wata, ake duba kebul. Na biyu, ko hanyar tana nuna wa ido abin da ke wucewa a cikin waya, domin wannan fanni wahalarsa ita ce komai a ɓoye yake. Bayan waɗannan sai na yau da kullum: kuɗin da za a kashe, ƙarkon kayan a hannun yara, wahalar da malami zai sha wajen shiri, da haɗarin da ke ciki ga ɗalibai da ga makaranta.

Ina kuma da wani ɗan gwaji da nake ɗora wa kowace hanya. Kwamfuta biyu ne a jone da suwic ɗaya, wato akwatin da ke haɗa kwamfutocin wuri ɗaya da kebul. Ta farko adireshinta 192.168.1.10, ta biyu 192.168.2.10, dukansu da 255.255.255.0 a matsayin marufin adireshi, wanda ke nuna ɓangaren adireshin da yake sunan unguwa. Kebul lafiya, fitilu suna ci, amma ba sa jin juna. Ɗalibin da ya iya faɗin dalili, wato lamba ta uku ta bambanta don haka kowacce tana ɗaukar 'yar'uwarta baƙuwa ce daga wata unguwa, kuma sai da rauta, na'urar da ke haɗa unguwa da unguwa, za su gana, wannan ya kama tushen darasin. Hanyar da ba ta kai shi nan ba, da saura.

Wasan takarda

Ka rubuta jimla ɗaya, ka yanka ta gida shida a kan katuna, kowane kati da lambarsa, da sunan mai aikawa da na mai karɓa. Ɗalibi ɗaya a wannan kusurwar aji, ɗaya a waccan, sauran a tsakani su zama rautoci, kowa aikinsa ya duba adireshi ya miƙa gaba. Kai kuma ka zama ɓarna a hanya: ka zare kati na 4 ka sa a aljihu, ka riƙe na 2 har sai na 5 ya wuce shi. Mai karɓa zai jera katunansa ya ga giɓi. Kada ka ba su mafita. Cikin 'yan mintoci wani zai ce a mayar da saƙo cewa na 4 bai iso ba, wata ta ce ai gara mai karɓa ya riƙa shaida isowar kowane kati, in mai aikawa ya ji shiru ya sake turowa. A nan sai ka gaya musu cewa abin da suka ƙirƙira yanzu shi ne ƙashin bayan TCP, tsarin isar da saƙo da Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa a 1974, wanda ARPANET, sadarwar da intanet ya samo asali daga gare ta, ta koma kansa ranar 1 ga Janairu, 1983. Fuskokinsu kaɗai sun isa lada.

In kana son ƙari, rubuta 5 a gefen kowane kati, duk rautar da ya bi ta rage ɗaya, idan ya kai sifili a jefar. Haka irin wannan lamba, da ake kira TTL, take hana ƙunshin bayanai yawo har abada. Akwai irin waɗannan wasanni da yawa kyauta a shirin CS Unplugged da Tim Bell da abokan aikinsa suka assasa a Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand.

Kuɗi kusan babu, wuta ba ta da hurumi a ciki, haɗarinsa hayaniya ce kawai. Sai dai numfashinsa gajere ne. Darasi biyu ko uku ya ƙare, kuma a gwajin kwamfuta biyu ba ya tsinana komai, domin yaro bai taɓa sa adireshi da hannunsa ba.

Manhajar kwaikwayo

A nan ne zaɓin ya fi wuya, domin manhajoji biyun da suka dace da sakandare ba abu ɗaya suke koyarwa ba, ko da yake a ido kama suke yi.

Filius daga Jami'ar Siegen ta Jamus ta fito, kuma tun farko don 'yan makaranta aka gina ta. Kyauta ce, ba ta neman rajista, tana gudana a kan Java, kuma da zarar an girka ta ba ta ƙara buƙatar intanet. Kayan da ke cikinta kaɗan ne: kwamfuta, laftof, suwic, rauta, modem da kebul. Wannan ƙarancin shi ne ƙarfinta. Yaro ya jawo kwamfuta biyu, ya haɗa, ya ba su adireshi, ya danna maɓallin farawa, sai ya buɗe kwamfutar kwaikwayon ya girka mata abin da yake so: burauza, sabar shafin intanet, sabar DNS mai fassara suna zuwa adireshi, sabar imel. Idan saƙo yana wucewa kebul ɗin yakan haskaka, kuma ana iya rage gudun abin har ido ya bi shi. Akwai taga da take jero duk musayar da aka yi, layi bayan layi, kowane mataki da launinsa. Ranar da ɗalibi ya rubuta ɗan shafinsa, ya ɗora a sabar da ya gina, ya ba shi suna a DNS ɗin da shi ya kafa, sannan ya buɗe daga wata kwamfuta a ɗaya ɓangaren rauta, ranar ya gane mene ne intanet fiye da abin da zango guda na rubutu a allo zai ba shi.

Rauninta biyu ne. Kayanta ba su yi kama da na kasuwa ba, don haka ba ta shirya yaro ga aikin hannu. Sannan mafi yawan darussan da malamai suka tanada a kanta da Jamusanci suke, duk da cewa manhajar kanta tana da Turanci da Faransanci. Shirin darasi zai hau kanka.

Packet Tracer ta kamfanin Cisco ce, ana samunta kyauta bayan an yi rajista a makarantarsu ta intanet mai suna Networking Academy, wadda aka kafa a 1997. Ita kam kayanta kwafin na gaske ne, da lambar samfur da ramukan kebul a baya, kuma ana sarrafa rauta da irin umarnin da ma'aikata suke bugawa. Tana da yanayin da saƙo yake fitowa a siffar ambulan yana tafiya daga na'ura zuwa na'ura, ka danna shi ka ga abin da kowane mataki ya rubuta a jikinsa. Malami yana iya shirya aikin da manhajar da kanta za ta duba ta ba da maki, abin da mai aji cike da yara zai gode wa.

Matsalarta ita ce yalwa. Yaro ɗan shekara 14 ya buɗe jerin rautoci ya ga samfura barkatai, ga kebul iri-iri, sai hankalinsa ya tafi ga zaɓen kaya. Kuma ramukan rautar Cisco a rufe suke zuwa, sai an shiga an buga `no shutdown` kafin su tashi. Na sha ganin aji guda ya ƙare minti arba'in a kan alamar ja da ta ƙi komawa kore saboda wannan umarni ɗaya. Darasi ne mai amfani ga wanda zai yi sana'ar, amma ba shi ne tushen sadarwa ba, al'adar kamfani ɗaya ce. Ga kuma batun asusu: rajistar yara masu yawa da imel da kalmar sirri da ake mantawa duk mako aiki ne mai cin rai, kuma ya kamata hukumar makaranta ta san da shi kafin a ba da bayanan yara.

GNS3 kuwa a bar ta ga manya. Tana gudanar da tsarin na'urori na ainihi, tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma samun fayilolin na'urorin yana tattare da batun lasisi.

A gwajin kwamfuta biyu, Filius da Packet Tracer duk sun ci, kuma sun fi kowace hanya, saboda kowane ɗalibi yana da tasa sadarwar da zai ɓata sau goma ya gyara sau goma ba tare da an yi asarar ko allura ba. Abin da ba su da shi shi ne dattin duniya. Kebul ɗin kwaikwayo ba ya tsinkewa a ciki, kansa ba ya kwancewa.

Kayan gaske

Ba ɗakin gwaji mai tsada nake nufi ba. Ƙaramin suwic mai rami 5 ko 8, naɗin kebul na Cat5e, jakar kawunan RJ45, filayar matse kai, na'urar gwajin kebul, da tsohuwar rautar gida da wani ya daina amfani da ita. Kayan tebur ɗaya ke nan, na ɗalibai huɗu ko biyar.

Darasin haɗa kebul yana da wani daɗi da manhaja ba ta da shi. Yaro ya feɗe bawon, ya ga wayoyi 8 an murɗa su biyu-biyu, ka gaya masa murɗin nan ba ado ba ne, shi ke rage kutsen da wutar makwabta take yi wa saƙo, kuma ko da shi ɗin, tsawon kebul bai kamata ya wuce mita 100 ba. Sai jeren launi na tsarin T568B: fari mai lemo, lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ya matse, ya soka a na'urar gwaji, fitilu su fara bi ɗaya bayan ɗaya, 1, 2, 3, sai ta 4 ta yi tsalle. Ya duba cikin kan ya ga shuɗiyar wayar ba ta kai ƙarshe ba. A yanke, a sake. Kowane kuskure kai guda ne ya tafi, don haka ka sayi ninkin abin da ka lissafa.

A gwajin kwamfuta biyu kayan gaske suna koyar da fiye da abin da ka shirya. Za a gyara adireshi daidai, a buga `ping`, umarnin da ke gwada ko ɗaya kwamfutar za ta amsa, a ji shiru, domin katangar tsaro ta Windows takan toshe irin wannan saƙo mai shigowa sai an buɗe masa. Wata kwamfutar kuma ka tarar ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, alamar ta nemi mai raba adireshi ba ta samu ba. Waɗannan ne ainihin abin da ma'aikaci yake karo da shi kullum. Amma ka lura, idan kai kanka ba ka san su ba kafin ka shiga aji, darasin zai watse a gabanka.

Haɗarin ma ya fi na sauran. Ban da reza da yatsu, akwai abu biyu da suka taɓa ba ni kunya. Wani ɗalibi ya ga kebul yana reto, ya ɗauki kan ya soka a ramin da ke kusa, ashe ɗaya kan ma a suwic ɗin yake. Saƙonnin shela, waɗanda suwic ke tura wa kowa, suka shiga zagaye babu ƙarshe, fitilu duka suna ƙiftawa kamar za su fashe, komai ya tsaya cak. Ƙananan suwic marasa saiti ba kasafai suke da kariya daga wannan ba. Na biyun kuma laifina ne. Na jona rautar gwaji da layin makaranta ba tare da na kashe mata rabon adireshi ba, sai ta shiga raba wa kwamfutocin ofis adireshin ƙarya, intanet ya ɗauke musu rabin yini ana neman dalili. Tun daga ranar teburin gwaji tsibiri ne, ba ya haɗuwa da layin kowa.

Wajen ƙarko, suwic yakan yi shekaru. 'Yar maƙalar da ke kan kebul ce take karyewa, ƙananan kaya kuma suna da ƙafa, sai da ƙirga a farkon darasi da ƙarshensa. Wanda ke son saba ta gaske yana iya ƙara Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da ta fito a 2012, amma ya ajiye kwafin katin ƙwaƙwalwarta, domin ɗaukewar wuta kwatsam takan lalata shi.

Leƙen abin da ke akwai

Kowace kwamfuta mai Windows tana zuwa da wasu umarni da ba a biya musu komai: `ipconfig`, `ping`, `tracert`, `nslookup`. Da `tracert` yaro yana ganin jerin rautocin da saƙonsa ya bi, kuma yana ganin inda lokaci ya yi tsalle idan an tsallaka teku. Nan lissafi yake shigowa da daɗi. Haske a cikin zaren gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka sabar da take nisan kilomita 10,000 ba za ta amsa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba, zuwa da dawowa, komai kuɗin da ka biya.

Wireshark, wadda Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal kafin a sauya mata suna a 2006, tana nuna kowane ƙunshi da ya ratsa kwamfuta. Gaskiya tsirara ke nan, har gaisuwar nan ta sau uku da TCP yake buɗe zance da ita za a gani. Sai dai ga sabon shiga kamar ambaliya ce, layuka ɗaruruwa cikin daƙiƙoƙi. Tana kuma buƙatar izinin mai kula da kwamfuta, kuma naɗar bayanan wasu ba da yardarsu ba laifi ne a ƙasashe da yawa. Abin da nake yi shi ne in naɗi gajeren fayil da kaina a gida, buɗe shafi ɗaya kawai, in raba wa yara su bincika. A gwajin kwamfuta biyu wannan hanya ba ta da ƙarfi, tunda ba za ka bar yara su sauya adireshin kwamfutocin makaranta ba.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Wahalar shiri | Haɗari | Ɓatawa da gyarawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Wasan takarda | Kusan babu | Ana sake yanka wasu | Kaɗan | Hayaniya | Kaɗan |
| Filius | Kyauta | Ba ta lalacewa | Matsakaiciya, darasi daga gare ka | Babu | Sosai |
| Packet Tracer | Kyauta, da rajista | Sabon fitowa yakan nemi kwamfuta mai ƙarfi | Babba a farko | Bayanan asusun yara | Sosai |
| Kayan gaske | Mafi tsada, kuma ana ƙara saye | Suwic yana jurewa, kawuna suna ƙarewa | Babba | Reza, tsayar da layin makaranta | Sosai, amma bi da bi |
| Umarni da Wireshark | Kyauta | Ba ta lalacewa | Matsakaiciya | Sirrin mutane | Kaɗan |

Wa ya dace da wacce

Idan makarantarka ba ta da kwamfutocin da za su ishi aji, ko wuta ba abin dogaro ba ce, fara da takarda, sannan ka nemi kayan tebur ɗaya tak da laftof biyu, rukuni-rukuni su riƙa zuwa. Ya fi jiran ɗakin kwamfutar da ba a san ranar zuwansa ba.

Idan kana da ɗakin kwamfuta, ajinka na gama-gari ne, kuma makonni shida ko takwas aka ba ka, Filius ce zaɓina ba tare da jinkiri ba. Darasi biyu na takarda a gaba, Filius a tsakiya har a kai ga gina shafi da DNS, sai darasi ɗaya na haɗa kebul don hannu ya taɓa. Matakan OSI kuma ka bar su zuwa ƙarshe, lokacin da yara suka riga suka ga launukan nan a tagar musaya, sunaye kawai suka rage a ba su.

Idan 'yan ajin ƙarshe ne da suka zaɓi fannin da kansu, ko ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta da ke haɗuwa bayan an tashi, wasunsu ma suna hangen jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, to Packet Tracer ce tasu, tare da kayan gaske. Su wahalar `no shutdown` riba ce.

Malamin da shi kansa sabo ne a fannin, aka ɗora masa darasin don babu wani, kada ya fara da kayan gaske a gaban yara. Ya zauna da Filius mako biyu shi kaɗai, ya gina gwajin kwamfuta biyun nan, ya sa rauta a tsakani, ya manta da adireshin ƙofar fita da gangan ya ga abin da zai faru. Wireshark kuma ya ajiye ta don ɗalibar nan ko ɗalibin nan da kan tsaya bayan an kaɗa ƙararrawa yana tambayar me ya sa wani shafi yake da hoton kwaɗon kulle a gefen adireshinsa wani kuma babu. Ka buɗe masa fayil biyu, ɗaya na HTTP a ƙofa ta 80 inda rubutun yake a fili ana karantawa, ɗaya na HTTPS a ƙofa ta 443 inda ba a ganin komai sai tarkacen haruffa, ka bar shi ya kwatanta da kansa.